Sunan da Delu Ta Ƙi Faɗi

Likkafanin ya yi wa Illa yawa, sai da aka ninka shi. Alkasum ya tsaya ya duba, ya ce ya yi. Tun da ya fara shirya wasan kwaikwayo a tele, wato talabijin, bai taɓa samun gawa mai sauƙin shiryawa haka ba. Ba hoda, ba toka, farin da aka yi bana ya riga ya gama wa Illa kwalliya.

Labarin daga wani tsohon littafin Turawa ya ɗauko shi, na ban tsoro, wanda ya hana shi barci lokacin yana lakwal, makarantar boko. Ya juye shi ya dawo da shi Damagaram: saurayi ya mutu, wata tsohuwa ta durƙusa gaban makara ta kira sunansa, ya tashi ya addabi gari. Da can in ya tuna wurin nan tsikar jikinsa tashi take yi. Bana kuwa ya ga mushen shanu jere a hanyar Takieta, ya ga masu shanun ma sun kama hanyar bin su, har ya daina jin komai. Aikinsa kawai yake yi, kafin a zo a mayar da kamara Yamai.

'Yan wasan cikin gari kumatunsu sun cika, ba wanda zai yarda sun taɓa kwana a kabari. Don haka ya je bayan unguwar Kara-Kara, inda mutanen ƙauye da yunwa ta koro suka zube, ya zaɓi nasa. Lada tuwon rana ne da tiyar jar dawa da yamma. Ya kafa doka ɗaya: gida ɗaya, mutum ɗaya, don abin ya zaga. Ya fara ɗaukar Illa, manomi ne daga wajen Garagumsa. Delu kuwa can ƙarshen layi ya same ta, dattijuwa da ƙananan yara suna riƙe da zaninta. Ya bar wa kowa sunansa na gaskiya a cikin wasan, don kada su ruɗe.

Illa bai ba shi wahala ba. A ce kwanta, ya kwanta, a ce tashi, ya tashi a hankali yana dafa makara, kuma wannan sanyin jikin ya yi kyau ƙwarai a kamara. Ba ya cin tuwonsa a gaban mutane. Ƙunshe shi yake yi a ganye ya ɗaure a gefen riga, ya ce sai an jima.

Delu ce matsala. Tafiyarta daidai, durƙusonta daidai, amma in aka zo kiran suna sai ta ce, "Kai, tashi." Ko ta ce, "Wannan, tashi." Ba ta ma duban fuskarsa. In ya zo inuwar da take zaune, sai ta ja tabarmarta ta ba shi baya. Alkasum ya ɗauka tsoron likkafani ne.

"Inna, suna ne fa kawai," ya ce mata. "Ko sunan mai gidanki ne?"

Ta girgiza kai. Ya gaji da yawa, bai ƙara tambaya ba.

Suma'ila mai kamara ya ce kaset na ƙarewa, kuma akwai Wasila ta wasan rediyo, in aka shafa mata toka za ta iya. Alkasum ya kira Delu gefe. Ba da faɗa ya faɗa ba, don ko ƙarfin faɗan ba shi da shi. Ya ce yau ne ƙarshe: ko ta kira sunan, ko tiyar dawa ta koma hannun wata. Ta dubi yaranta da ke rakuɓe jikin katanga.

Da hantsi aka kwantar da Illa a gindin duwatsun Birni, aka rufe masa fuska. Sai injin wuta ya ƙi tashi. Aka yi ta fama da shi har rana ta take, kowa ya nemi inuwa. Illa bai motsa ba, Suma'ila har yana yaba masa, wai ga ɗan wasa na gaske.

Injin ya tashi. Alkasum ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

Delu ta taho yadda aka koya mata, ta durƙusa. Ta buɗe baki za ta ce "kai," sai ta fasa. Ta miƙa hannu ta riƙe ƙafarsa ta cikin likkafani, abin da ba ya cikin wasan. Ta daɗe a haka.

"Illa," ta ce.

Ta sake, da ƙarfi. "Illa! Illa!"

Muryar ta bugi duwatsu ta dawo. Tsikar jikin Alkasum ta tashi, karo na farko a wannan shekara, ya ji daɗi har cikin ransa. Ya yi wa Suma'ila alama kada ya tsaya. Suka jira gawa ta tashi.

Kamara ta yi ta juyawa.

Daga baya Suma'ila ya ajiye ta, ya je ya yaye likkafanin, ya yi salati. A gefen rigar Illa babu komai sai tabon miya. Can jikin katanga yaran Delu suna lashe ganyen da aka ƙunshe tuwon jiya a ciki.

Alkasum ya tsuguna kusa da ita. Idonta a bushe yake, kuma yanzu fuskar Illa take kallo, ba ta ƙiftawa.

"Inna," ya ce, "kin san shi ne?"

"Yanzu ai babu sauran kunya, Malam," ta ce. "Ɗana ne na fari."