Lasa Ɗaya Kafin a Kira Lamba

"Mayar da shi aljihu, Malam, don girman Allah!" in ji Sahura, tana ƙara rungume jaririyarsu.

"Lasa ɗaya tak," Tukur ya ce wa matarsa. "Ko dabino ba a bar mu mun shafa mata a baki ba ranar da aka haife ta."

Suna layin asibiti, mutum ɗaya ya rage a gabansu. Doka ce yanzu: duk jaririn da iyayensa ke da ciwon sukari, ranar suna ake ɗiga masa maganin da ke kashe ɗanɗanon zaƙi har abada. Shi Tukur yana ɗan shekara ashirin aka ɗiga masa. Har yau yakan sayi cakulan, ya tauna, ya ji kamar laka yake ci.

Cakulan ɗin da ya ciro daga aljihu ya narke a yatsansa. Ya miƙa hannu, jaririyar ta buɗe baki.

"Bari ta san shi ko sau ɗaya ne, Sahura."

Aka kira lambarsu. Sahura ta riƙe wuyan hannunsa, ba ta ture ba, ba ta kuma saki ba.

"Kai da ka san shi, me saninsa ya yi maka?"