Dashen da Bai San Rana Ba

Malamaina masu yaye ɗaliban ilimin halittu, da me kuke auna wanda za ku miƙa wa duniya? Kafin ku amsa, ku saurari wannan misali.

A bakin wani gari akwai wani mai renon dashen mangwaro. Ya kafa doguwar rumfa ta zana, ya jera dashensa a cikin baƙaƙen ledoji, yana ba su ruwa safe da yamma. Yana da wata sanda da ya yi wa alama. Duk ƙarshen wata sai ya bi layi yana gwadawa, wanda ya kai alamar ya ɗaura masa jan zare, shaidar cewa ya isa fita. Bai taɓa fitar da ko ɗaya rana ba, don kada ganye ya dushe. Bai kuma taɓa farke leda ya duba halin da saiwa take ciki ba, tunda mai saye ganye yake kallo.

A farkon wata damina wani tsohon direban babbar mota ya zo wurinsa. Shekara talatin ya yi yana bin hanyar Kurmi, kuma duk inda ya yada zango, da ya rufe ido garkar mahaifinsa yake gani: inuwar mangwaro mai duhu, da ƙamshin nunannun da suka faɗo, da muryar mahaifiyarsa tana kiransa ya sauko daga reshe. Da ya ajiye tuƙi ya dawo gida, sai ya tarar an sare itatuwan an yi gawayi, kututture kawai ya rage. Ba abin da yake roƙon Allah kamar ya sake zama a wannan inuwa kafin ya bar duniya. Ya zaɓi dashe arba'in, duk masu jan zare, sannan ya dubi mai rumfa ya ce, "Malam, yaran nan naka sun san rana kuwa?" Mai rumfa ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, dubi ganye mana! Kowanne ya kai sanda." Amma maganar ta ɗan tsaya masa a rai, don haka kafin a ɗora su a amalanke ya jera su a fili, suka sha hantsi na ɗan lokaci, ya ce ai sun gaisa da rana ke nan. Ya kuma jawo wani gajeren dashe daga ƙarshen rumfa, inda zana ta yage rana take dukansa kullum. Wannan bai taɓa samun zare ba. Sai da aka sa wuƙa aka yanko shi, domin saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa. Shi ya ba tsohon gyara.

Tsohon ya haƙa ramuka, ya zuba taki, ya dasa su inda na mahaifinsa suka tsaya. Ruwa ya ɗauke na kwana goma, rana ta buɗe. Ganyen nan da ake alfahari da shi ya soma ƙonewa daga baki, ya nannaɗe, ya zube. Da ya tono ɗaya don ya ga dalili, sai ya iske saiwar ta naɗe kanta kamar gammo, tana nan da siffar ledar da ta girma a ciki, ba ta miƙa ko ɗan yatsa zuwa ga danshi ba. Ya koma da shi a hannu. Mai rumfa ya juya shi, ya ce, "Ƙasarka ce ba ta da albarka." Arba'in ɗin suka bushe, jan zarensu yana lilo a jikin ƙirare. Gyaran nan kaɗai ya kama. Har yau tsohon yana kai kujerarsa kusa da shi da la'asar, ya zauna, ya miƙa ƙafa cikin 'yar inuwar da ba ta wuce faifai ba, yana lissafin shekarun da mangwaro yake ɗauka kafin ya rufe mutum, yana lissafin nasa.

Ku ne masu rumfar. Shekara huɗu kuna riƙe da ɗalibi a ɗakin lacca, kuna gwada shi da abin da ya haddace ya zuba a takarda. Ya zana ƙwayar halitta sau ɗari, bai taɓa leƙa ta a madubin ƙara girman abu da idonsa ba. Ba a kai shi ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ba, ba a tsayar da shi bakin kududdufin kifi ko gonar gwajin iri ba, ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi ko aiki yake so ko ƙarin karatu. Sai a makon ƙarshe a tara su a yi musu jawabin yini ɗaya kan neman aiki, a ɗaura musu zare, a sallame su. Idan suka bushe a waje, a ce yaran yanzu ne ba su da ƙoƙari. Wannan zalunci ne, kuma ba su kaɗai ake zalunta ba: bayan kowane ɗalibi akwai uwa ko uba da suka daɗe da haƙa rami suna jiran inuwa.

Saboda haka ina roƙonku, ku yage zanar tun daga shekara ta biyu. Ku tura su inda ake aikin da hannu, ku farke ledar ku duba saiwa kafin ku ba da shaida, ku tambayi kowannensu ƙasar da yake so a dasa shi. Ku fara da waɗanda suke gabanku a wannan zangon, kada ku jira makon yaye, domin Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.