Ragon Da Ya Ci Sunan Manzo

Manzo ɗan sanda ne a Filingue zamanin mulkin soja. Ba waliyyi ba ne, ga saurin fushi, ga son a kira shi "shef", wato shugaba. Amma ko maƙiyinsa bai taɓa kama shi da ƙarya ba.

Yana da taubashi mai suna Dodo, dillalin dabbobi. Kowa ya san wasan taubasai: ɗan mace da ɗan namiji ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Wata ranar kasuwar Baleyara, Manzo na sanye da kakinsa ya hangi Dodo riƙe da rago. Sai ya fizge igiyar ya ce, "Bawa da abin hannunai duk na ubangijinai ne."

Dodo ya ɗora hannu a ka yana kukan ƙarya. "Jama'a ku shaida, hukuma ta amshe mini rago."

Dillalai suka yi ta dariya. Kafin la'asar rago ya koma hannun mai shi.

A lokacin kuwa Manzo ne kaɗai shaida a shari'ar wani da ya kama da shanun sata. Dangin ɓarawon suka kai wa mai gabatar da ƙara rabin labari, wai ɗan sandan nan ƙwace yake yi a kasuwa da rana tsaka.

Tambaya ɗaya ta isa ta kashe zancen, domin shi ma mai gabatar da ƙarar yana da taubasai. Bai kira Manzo ba, bai kira Dodo ba. Ya dai sanar da alƙali da manyan ƴan sanda cewa ba zai ƙara dogara da shaidar Manzo ba. Aka saki ɓarawon.

Ɗan sandan da ba a karɓar maganarsa, me ya rage masa? Aka mayar da shi tsaron ƙofa, daga baya aka sallame shi. Zamani ne da ba a tambayar na sama dalili, sai ya haɗiye ya koma noman hatsi.

Da mulkin farar hula ya dawo, Manzo ya ja Dodo suka hau mota zuwa Yamai neman a wanke sunansa. Wani ma'aikaci ya saurare su da mutunci, sannan ya ce, "Wa ya tuhume ka?"

"Babu wanda yat tuhume ni."

"An yanke maka hukunci?"

"A'a. Cewa kawai anka yi ba a yarda da ni."

"To baba, babu ƙara, babu hukunci. Mi za mu soke?"

Haka suka hau mota suka dawo gida.

Abin da ya karya shi a gida ya same shi. Ranar ɗaurin auren ɗan ƙanensa, liman ya nemi shaidu, Manzo ya matso gaba. Wani dattijo daga dangin amarya ya ce a hankali, "A samo wani dai. Wanda hukuma tak ƙi shaidatai, mu ma ba mu so."

Dodo ya miƙe yana rantsuwa cewa wasa ne, ragonsa ne, an kuma mayar masa. Aka ce ai dole ya faɗi haka, ɗan'uwansa ne.

Manzo ya ɗauki takalmansa ya fita kafin a shafa fatiha. Bai ƙara zama cikin taro ba har ya rasu. Abin da zafi, wallahi: mutumin da ya gurfanar da ɓarayi aka saurare su, shi ya mutu ba a saurare shi ba.

Jama'a, ɗan sanda na iya yin ƙarya, kuma in ya yi a hukunta shi. Amma kafin a soke amincin mutum, a faɗa masa zargin, a ji ta bakinsa, a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara.