A-kori-kurar Da Ba Ta Durƙusawa

Kai da kake shirin komawa gida da tsarabar da ka daɗe kana ƙullawa a ranka, tsaya ka ji misalin wani direba. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙi a hamada, can wajen masu haƙar zinari, kafin ya waiwayo garinsu. Ya tarar an sare tsamiyar bakin tasha, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Rijiyar unguwa an toshe ta, mata sun koma famfon tuƙa-tuƙa. Yaran da ya bari suna yawo ba wando sun zama magidanta, har suna gaishe shi da "sannu baƙo". Sai kuma rafin da ya raba garin da kasuwar mako: an ɗora masa gada, an malala kwalta har bakin kara, inda ake cinikin dabbobi.

To, wannan rafin shi ne dalilin motarsa. Tun yana ƙarami yake ganin yadda damina ke tsare 'yan kasuwa a bakin ruwa, motoci su kafe, kaya su jiƙe su lalace. Da ya samu hali tun yana can, sai ya sayi a-kori-kura ya kai wa bakanike, aka ƙara wa sifirin da ke ɗauke da nauyinta ganyen ƙarfe, aka cusa ƙarafa masu kauri tsakaninsa da abin da ke riƙe tayoyi, aka sa manyan tayoyi masu haƙora. Mota ta miƙe tsaye kamar zalɓe. Nufinsa ya ajiye yawo, ya zauna a gida ya zama shi ne mai kai mutanen garinsu kasuwa, ruwa ko rani.

Ranar kasuwa ya kafa ta a tasha tun da hantsi. Jama'a kuwa suka taru. Wani dattijo ya auna tsayinta da sandarsa, wani ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta, akuya ta ratsa ta ciki ta fita ba ta ko sunkuya ba. Aka sha kallo, aka sa albarka, sannan kowa ya kinkimi kayansa ya nufi tsohuwar motar wani direban garin, Nomau, wadda gindinta ya kusa jan ƙasa don tsufa. Abin bai ba shi haushi ba kamar yadda ya ɗaure masa kai. Ya jingina da ƙofa ya zuba ido ya ga me ke cikin wannan akwalar da babu a tasa. Sai ya lura: mafi yawan fasinjan mata ne, masu daddawa da man gyaɗa da kuka, kuma mai kaya ba ta rabuwa da kayanta, inda suka zauna nan take zama. Motar Nomau taku ɗaya ce, mace ta hau zaninta bai motsa ba. Tasa kuwa, sai ta tattare zani har gwiwa a gaban mazan tasha.

Ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya ruga gida ya mirgino turmi, ya kife shi a bayan mota don a taka. Matan suka ja da baya suna salati. Tsawon zamansa cikin maza a jeji ya mantar da shi cewa ba macen da za ta ɗora ƙafa a kan abin da ake daka abinci. Gwaggonsa Tabawa, wadda ta goya shi, ta sa aka mayar da turmin, ta dube shi ta dubi motar.

"Ɗan nan, raƙumi ma da ya fi ta tsawo durƙusawa yake yi a hau shi. Ita taka tana durƙusawa?"

Ta shige motar Nomau da ƙwaryarta. Ya bi su kasuwa fayau, ko zai samu lodin dawowa. Wani mafataucin shanu ya ɗauke shi haya, sai direban ya ja motar da baya zuwa tudun da aka tara a kara don hawar da dabbobi. Tudun nan daidai da motocin garin aka yi shi. Tasa ta ɗara shi da kamu guda. Aka ja, aka tura, aka murɗa wutsiya, bijimi ya kafe ƙafafu ya ƙi.

Bakaniken garin ya ce masa aikin safiya ɗaya ne: a zare ƙarafan, a sauya tayoyin, ta sauko daidai da ta kowa. Har direban ya karɓi sifana ya shiga ƙarƙashinta da kansa. Ya kwanta rigingine yana kallon ƙarafan nan da ya tsaya a kansu aka ɗaura, haske na shigowa ta kowane gefe. In ta sauko, ta zama mota a cikin motoci, a kan hanyar da ta riga ta samu masu ita. Ashe garin da ya auna motar da shi, a cikin kansa kaɗai ya rage. Ya daɗe a nan, sannan ya fito ya kakkaɓe rigarsa ya mayar wa bakanike sifanarsa.

Washegari aka gan shi yana ɗaure jarkokin mai da na ruwa a baya, yana tambayar direbobin nesa wane yanki ne kwalta ba ta kai ba tukuna. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.