Lambar da Ke Gindin Gwangwani

Tunda kin ce ɗan kaɗan ne, ba zai yi komai ba, to Yaya, zauna ki ji wannan.

An yi wani maƙerin gwangwani, irin masu yanka gwangwanaye su liƙe da dalma su fitar da mazurari da fitilar aci-bal-bal. Matarsa ta rasu kwana tara da haihuwa, ta bar masa 'ya mace da wata samira mai murfi wadda har yanzu in ya buɗe sai ya ji kamar hannunta ne ya rufe. Yarinyar kuwa jikinta ba ya karɓar madarar shanu. Cokali guda ta taɓa sha, leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar zuga-zugin da ya huje. A asibiti aka rubuta mata wata madara ta daban, ya sha wuya kafin ya samo gwangwani uku. Shi kuwa hannunsa bai iya ganin gwangwani ya ƙyale ba. Ranar da ya kawo su ya juye duka ukun cikin samirar marigayiya, ya sa almakashi ya mai da su mazurari. Kashegari da hantsi, yana cikin buga guduma, rediyo ya ce a duba lambar da ke gindin gwangwanin irin wannan madara, don garin madarar shanu ya shiga wani rukuni tun a masana'anta. Ya ajiye guduma, ya leƙa ɗaki ya ce wa tsohuwarsa, "Inna, ko za ta tsaga gidan nan da kuka, kada ki buɗe samirar nan sai na dawo."

Ya zazzage buhun yanke-yanke, ya tsinci gindi biyu, lambarsu lafiya lau. Na ukun babu. Can ya tuna cewa da shi ya yi wa wata mai sayar da man gyaɗa ƙaramin murfi. Ya bi ta kasuwa, aka ce ta tashi. Ya bi ta tasha, aka ce yanzu ta wuce. Takalminsa ya tsinke, ya riƙe shi a hannu, kukan 'yarsa na bin kunnensa layi-layi ko da yake ya yi wa gida nisa. Sai bayan azahar ya same ta a bakin makaranta. Ya goge maiƙon da bakin rigarsa, ya karanta lambar sau uku, don karatun nasa ba mai yawa ba ne. Ita ce lambar da rediyo ya faɗa. Da ya koma gida ya ba da labari, tsohuwar tana jijjiga jaririyar, ta ce, "Haba ɗan nan, ai shi ka zuba ƙarshe. Kwashe na saman mana, ka bar mata na ƙasa." Ya buɗe samirar ya daɗe yana kallo. Fari ne a kan fari, babu inda wani ya tsaya wani ya fara. Ya rufe, ya saɓi 'yarsa a kafaɗa, ya kai su asibiti ita da samirar. A can ta sha daga sabon gwangwani, ta yi barci bakinta a buɗe, numfashinta siriri kamar zare. Wannan gwangwanin yana nan a kan kantar ɗakinsa har yau, almakashi bai taɓa shi ba.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.