Bishiyoyin Delbert a Ƙasan Tafki

Karo na uku ke nan tun safe da Delbert Sikes ya kashe injin jirgin ruwansa a bakin wurin kamun kifinsa, ya tarar da jan jirgin Royce Tidwell ya riga shi. Royce ko waiwayowa bai yi ba. Hannu ɗaya ya ɗaga, ɗayan yana janyo kifin bas mai kaurin cinya.

"Ka makara, tsoho! In rage maka ƙananan?"

Delbert ya cije leɓe har gashin bakinsa na rawa. Abokin kamunsa, Lonnie Pruitt, ya sunkuya yana gyaran ƙugiyar da ba abin da ya same ta.

A garinmu da ke jihar Alabama kowa na nutsar da bishiya, amma ba mai faɗin inda ya nutsar. Shekara ashirin da biyu, duk Janairu, Delbert da Lonnie na bin gidaje suna kwasar bishiyoyin Kirsimeti da aka zubar, su ɗaura musu bulo, su saka su a ƙasan tafki. Ƙananan kifaye su taru a rassan, manya su biyo su. Wuri arba'in da ɗaya ne, kuma mutum biyu kacal suka san su. Royce kuwa bara ya tare a garin.

Gasar kamun kifi ta yau Delbert ya ci alwashi a kanta. Dominta ya sayi sabon jirgi mai ƙyalli, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a gidan shayi sai ya sha karatu ta hanci: ƙaramin inji a goshi wanda kifi ba ya jin motsinsa, akwatin ruwa da ke raya kamu har a kai sikeli, faffaɗan dandamali na tsayuwa, ga na'ura mai allo da ke nuna ƙasan ruwa tana riƙe wurare. Da mai shago zai zuba masa wurarensa daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, Delbert ya tsaya a kansa kamar soja, ya hana shi ko taɓa biro.

Tsohon koren jirginsa kuma wata tsohuwa ce ta saya, baƙuwa daga Tennessee, da hular coci. Ba ta buɗe inji ba, ba ta tambayi ko yana yoyo ba. Ta hau ta zauna, ta share ƙurar gaban kujera da hankici.

"Ɗana, da komai da komai ne?"

"Har da yanar gizo-gizon, Iya."

Sati guda Delbert ya yi yana kwaikwayon muryarta a gidan shayi, yana karkarwa yana riƙe ƙugu, ana ta dariya.

Yau babu dariya. Wuri na huɗu, Royce ya tatse shi ya wuce. Na biyar haka. A na shida, wanda ke bayan tsibiri, wanda ko matar Delbert ba ta taɓa jin labarinsa ba, sai ga jan jirgin yana lilo daidai kan bishiyar. Kifi biyu ne a akwatinsu, su ma kamar 'yan yatsu, ga ƙarfe uku, lokacin rufe gasa, na matsowa.

Delbert ya juyo wajen Lonnie a hankali.

"Ranar Lahadi na gan ka a wajen suyar kifi ta coci. Da wa ka zauna?"

"Da kowa. Tebur ɗaya ne."

"Da Royce! Har da miƙa masa yaji! Me ya ba ka, Lonnie? Faɗa mini kuɗin shekara ashirin da biyu."

"Delbert, rana ta buge ka. Sha ruwa."

"Munafuki! Ni na ɗauki gawar ubanka a kafaɗata. Ni da kai ne kawai muka sani, ni kuwa ban faɗa ba!"

Lonnie ya naɗe fatsarsa, ya rufe akwatin ƙotonsa, ya ɗauki gorar shayinsa.

"Sauke ni a gaɓa."

Ya sauke shi. Lonnie ya ciro makullin garejin Delbert daga cikin nasa, ya ajiye a kan kujera, ya tafi bai juyo ba.

A wajen sikeli kifin Royce biyar suka ninka na kowa. Aka miƙa masa kofi ana tafi. Delbert ya zubar da nasa biyun a ruwa tun kafin a kira sunansa, ya nufi filin motoci yana huci, da niyyar ya jira Royce a bakin motarsa.

A gefen motar ya ga koren jirginsa a kan tirela, an manna masa takardar sayarwa. Tsohuwar na zaune a inuwarsa tana fifita da hular coci.

"A'a, ɗana! Ko ka yi kewarsa ne? Saye shi abinka, komai yana nan. Abu ɗaya kawai muka cire."

Delbert ya leƙa. A gaban kujera, inda tsohuwar na'urar ta yi shekaru tana haɗiye wurarensa, waya biyu ce kawai ke reto. A bayansa kuma ya ji muryar Royce, yana tahowa da kofi a sama: "Mama, ga naki!"