Ginshiƙan da Suka Ƙi Ramewa

Zauna tukuna, bar kumfar bakin nan, ka ji wani misali. An yi wani injiniya da aka ba shi aikin zanen asibiti mai hawa huɗu a wani gari da ƙasa kan motsa jifa-jifa. Yana da abokin aiki, wani dattijo mai gwajin ƙasa, wanda ba shi da jari sai sunansa na mai gaskiya. Shekara goma sha biyu, duk inda injiniya zai yi gini, dattijon nan ke tona wurin ya faɗa masa ƙarfin ƙasar. Injiniya ya ɗauki alƙaluman dattijo ya zuba a manhajar kwamfuta mai lissafa yadda gini zai jure girgiza. Manhaja ta nuna ja, alamar ginin ba zai jure ba, ta ce sai ginshiƙai masu kaurin gindin kuka. Ya goge ya sake, ja. Ya zagi kwamfutar, wai ta tsufa, ya aro sabuwa, ja. Ya ce jabun manhaja aka saka masa, aka cire aka sake sakawa, ja dai. Kwana shida mutumin nan yana tsaki kamar tsaka, ko shayi aka miƙo masa sai ya ga laifin kofi. Ga masu asibiti sun hana wayarsa hutawa. To, mai neman inda zai sauke haushi ai ba ya rasawa. A gaban masu asibiti da 'yan kwangila ya buɗe baki ya ce dattijo ne ya kawo alƙaluman banza, ido ya tafi, hannu na rawa, gara ya koma gida rainon jikoki. Haba jama'a! Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa ba shi kunya ba! Dattijo ya naɗe takardunsa ya fita.

Aka kawo wani mai gwaji, aka sake tonawa, alƙaluma suka fito daidai da na dattijo, ko ɗigo babu bambanci. Sai a ranar gogan naka ya yi abin da ya kamata tun farko, ya bi abin da shi kansa ya shigar, layi-layi. Ashe manhajar da kanta take lissafa nauyin bulo da kankare, shi kuma ya sake ɗora mata wannan nauyin da hannunsa. Ita kuwa girgiza, gwargwadon nauyin gini gwargwadon yadda take jijjiga shi. Asibiti biyu ya aza wa ginshiƙan asibiti ɗaya, don Allah me zai hana su kumbura? Gyaran bai kai shan kofin ruwa ba, komai ya koma kore. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya garzaya gidan dattijo ya durƙusa a zaure, ya ce, "Baba, ka yafe mini, kuskurena ne." Dattijo ya ce, "Na yafe, Injiniya. Sai dai a bainar jama'a ka faɗa, a zaure kake janyewa." Gaskiyarsa kuwa, don maganar ta riga ta zaga gari. Asibiti ya tsaya daram, amma masu gini ba su ƙara kiran dattijo ba, kayan aikinsa suka yi tsatsa a bayan ɗaki.

Saboda haka, kafin ka je ka tara wa wani jama'a, koma ka duba abin da hannunka ya shigar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.